Sabon ƙullutu a jikin karen da ake yi wa maganin kansa: ciwon ne ya dawo, ko wani abu ne dabam?

Yawanci ba a asibiti ake fara gano shi ba. Mai kare yana cire masa kaska da yamma, ko yana yi masa wanka, sai yatsa ya ci karo da wani abu kamar ƙwayar gyaɗa a ƙarƙashin fata, a wurin da makon jiya babu komai. Da lafiyayyen kare ne, da wataƙila an shafa an wuce. Amma wannan wata biyu ke nan ana kai shi allurar kansa duk mako, an kashe kuɗi, an ga kumburin wuya ya saɓe, har ya koma cin abinci yana haushi da dare. Abin da ke fara zuwa zuciya shi ne ko duk wahalar ta tashi a banza.

Daga nan shawarwari ke karo da juna. Wani ya ce kitse ne, tsofaffin karnuka duk suna yi. Wani ya ce ai an gama, ciwon ya bazu. Wanda ya leƙa intanet kuma zai tarar da ƙa'idar da likitoci ke aiki da ita, wadda ta ce bayyanar sabon ƙari lokacin magani na nufin cutar ta ci gaba. Kowanne cikin ukun yana iya zama daidai. Hannu ba ya iya raba su, ko da kuwa hannun ƙwararren likita ne, kuma a kan wannan gaskiyar duk sauran bayanin ya ginu.

## Kalmomin da ake cuɗawa

Ƙullutu shi ne duk abin da ya tasa ya yi tudu a fata ko ƙarƙashinta, ko me ya jawo shi. Maruru ƙullutu ne, cizon kaska da ya kumbura ma ƙullutu ne. Ƙari kuwa nama ne da ƙwayoyin halittarsa suka riƙa hayayyafa ba bisa tsari ba. Akwai ƙarin da ke zama wuri ɗaya, bai cin naman da ke kewaye da shi, bai tafiya ko'ina. Akwai mugun ƙari, wanda ke kutsawa cikin nama yana aika 'ya'yansa ta hanyar jini ko ruwan jiki zuwa huhu, hanta, saifa ko ƙashi. Wannan na biyun shi ake kira kansa, ko ciwon daji, ko sankara.

Sai kaluluwa. Kowa ya san ta a jikin mutum, idan ƙafa ta yi miki sai matsematsi ya kumbura. Waɗannan 'yan ƙulle-ƙullen suna nan a jikin kare tun haihuwa, aikinsu tace ruwan jiki da tare ƙwayoyin cuta. Waɗanda hannu ke iya taɓawa suna ƙarƙashin muƙamuƙi, gaban kafaɗa, da bayan gwiwar ƙafar baya, sai na hammata da matsematsi waɗanda ba a cika jin su ba sai sun kumbura. Kaluluwa na tashi saboda ruɓaɓɓen haƙori ko miki a kusa, tana kuma tashi saboda kansa.

Akwai kalma guda da rashin fahimtarta ke jawo ɓacin rai tsakanin mai kare da likita. Idan likita ya ce ciwon ya lafa, yana nufin ba a ganin alamarsa a gwaji ko a taɓi. Bai ce ya warke ba. A wasu nau'o'in kansar, lafawa ita ce iyakar abin da magani ke nema tun farko, kuma likita ya san ranar dawowa na tafe.

Ƙa'idar da aka ambata a sama tana da asali. A shekarar 2000 likitocin kansar mutane suka fitar da ma'aunin da ake kira RECIST domin kowa ya riƙa auna nasarar magani da mudu ɗaya, daga baya ƙungiyar likitocin kansar dabbobi ta VCOG ta daidaita shi ga karnuka, inda ta fitar da na kansar kaluluwa a 2010. A wannan tsari, idan ƙari ya ragu da kashi 30 cikin ɗari ko fiye, magani ya ci wani ɓangare. Idan ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, ko wani sabo ya fito, cutar ta ci gaba. Abin da mai karatu cikin firgici kan tsallake shi ne cewa sabon da ake nufi shi ne wanda aka tabbatar na cutar ne. Ƙullutun da ba a gwada ba bai shiga lissafi ba tukuna.

## Daga ina yake fitowa

Mafi yawan karnukan da ke kamuwa da kansa sun manyanta. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan kare ɗaya cikin huɗu zai yi wani irin ƙari a rayuwarsa, kuma kusan rabin waɗanda suka haura shekara 10 za su kamu da kansa. To, wannan shekarun su ne kuma lokacin da fatar kare ke fitar da tarkace iri-iri marasa illa. Kan gaba shi ne ƙullutun kitse, mai laushi, mai zamewa ƙarƙashin yatsa, wanda ya fi fitowa a ƙirji, ciki da cinya, musamman ga kare mai ƙiba. Akwai kuma 'yan jakunkunan maiƙo da ke toshewa su kumbura, da tsiro irin na tsufa a fatar ido ko ƙafa. Kansa ba ta hana waɗannan fitowa. Ƙari a kan haka, mutumin da karensa ke jinya yana lalube fiye da da, don haka yakan gano abin da ya daɗe a wurin ya ɗauka sabo ne.

A ƙasashenmu masu zafi akwai wani mai laifin da littattafan Turai ba su cika kawowa a gaba ba, wato tsutsar ƙudan tumbu. Ƙudan yana zuba ƙwai a ƙasa mai inuwa wadda fitsari ko kashi ya jiƙa, daidai irin wurin da kare marar lafiya ke yini a kwance. Tsutsar ta huda fata ta shige, wurin ya tasa kamar maruru da ɗan rami a tsakiya inda take shaƙar iska, ta yi kamar kwana 8 zuwa 12 kafin ta fito. Ya fi yawa da damina, kuma sau da yawa ƙulle-ƙullen kan fito da yawa lokaci guda a ciki, ƙafafu da gindin wutsiya. Wanda bai sani ba zai rantse kansa ce ta fantsama cikin dare ɗaya.

Maganin kansa shi ma yana haifar da nasa. Bayan tiyata, ruwa kan taru ƙarƙashin ɗinki ya yi taushi kamar ledar ruwa, ko nama ya yi tauri a kewayen zaren da aka ɗinke ciki da shi. Wurin da aka yi allura kan yi ƙulli na ɗan lokaci. Magungunan kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, suna raunana garkuwar jiki, sai ƙaramin rauni ya zama ƙurji mai mugunya, ko tsiron da ƙwayar cuta ke kawowa ya fito a leɓe da baki. Daɗewa a kan firednisolon, ƙwayar rage kumburi da ake haɗawa a maganin kansa, kan sa fata ta yi wasu faci masu tauri kamar an shafa alli. Mafi haɗari a wannan rukuni shi ne idan maganin kemo irin binkiristin ko doksorubisin ya zubo wajen jijiya lokacin allura: wurin zai kumbura, ya yi ja, kare ya dinga lasa, daga baya nama ya mutu ya zama gyambo mai wuyar warkewa. Kumburi a ƙafar da aka sa allurar kemo, cikin kwanakin da suka biyo baya, abu ne na kiran likita a ranar.

Sai kuma abin da ake tsoro. Tsohon ciwon yana iya dawowa a inda aka yanke shi, saboda wuƙa ba ta kwashe saiwoyinsa duka ba. Yana iya ɓulla a kaluluwar da ke kusa ko a wani sashe mai nisa. Yana kuma yiwuwa wata kansar ce dabam, wadda ba ta da dangantaka da ta farko, domin jikin da ya yi ɗaya ba shi da kariya daga ta biyu.

## Ma'anar ta danganta da irin kansar

Idan limfoma ce ake jinya, wato kansar kaluluwa, wurin da ƙullutun ya fito shi ne rabin labari. Wannan cuta tana cikin waɗanda kemo ya fi tasiri a kansu. Tsarin da aka fi amfani da shi, CHOP, haɗin magunguna huɗu ne: saiklofosfamid, doksorubisin, binkiristin da firednisolon, kuma fitaccen jadawalinsa, na Jami'ar Wiskonsin da ke Amurka, yana ɗaukar mako 19 ko 25. Kimanin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na karnukan da aka ɗora a kansa ciwonsu na lafawa, sau da yawa cikin makonnin farko. Matsakaicin tsawon rayuwa bayan haka kusan shekara ɗaya ne, kuma kamar ɗaya cikin huɗu ko biyar ke kaiwa shekara biyu. Ba tare da magani ba, yawanci mako 4 zuwa 6 ne. Limfoma tana fitowa ne daga ƙwayoyin garkuwar jiki iri biyu, B da T, kuma nau'in da ya fito daga ƙwayoyin B ya fi jin magani fiye da na ƙwayoyin T.

Waɗannan alkaluma suna nuna cewa dawowar limfoma ita ce abin da aka saba gani. Yadda take dawowa kuma sananne ne: kaluluwar ƙarƙashin muƙamuƙi ko ta bayan gwiwa ta yi tauri kamar goro, ba zafi, galibi hagu da dama tare. Ƙullutu mai laushi a kan haƙarƙari, inda babu kaluluwa, ya fi kama da kitse, ko da yake akwai limfomar da ke fitowa a fata.

Lokacin da ta dawo shi ne ɗaya rabin. Idan kare ya gama jadawalinsa lafiya, ya yi watanni ba magani sannan kaluluwa ta tashi, akan sake ɗora shi kan CHOP, kuma mafi yawansu ciwon na sake lafawa, sai dai lafawar ta biyu ta fi ta farko gajarta. Idan kuwa ta tashi ana tsakiyar allurai, a mako na takwas ko na goma, wannan na nuna ƙwayoyin kansar sun koyi tunkuɗe maganin. Suna yin haka ne ta wani famfo da ke jikin ƙwayar, wanda ke fitar da magani waje kafin ya yi aiki, kuma famfon guda yana fitar da binkiristin da doksorubisin duka. A nan sai a koma ga wasu magunguna irin su lomustin, waɗanda ke aiki ga wajen rabin karnuka ko ƙasa da haka, na wata biyu zuwa uku. A Amurka hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta ba maganin Tanovea cikakkiyar amincewa a 2021 domin limfomar karnuka, amma irin wannan ba abin da ake samu a kantin magani na unguwa ba ne.

Ƙarin ƙwayoyin mast, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a fata, labarinsa dabam ne. Shi ne mugun ƙarin fata da ya fi yawa a karnuka, kuma ya shahara da kwaikwayo: yana iya kama da cizon ƙwaro, da tsiro, har da ƙullutun kitse sak. Yana cike da sinadarin histamin, shi ya sa yakan kumbura yau ya saɓe gobe, ya yi ja idan an murza shi, wani lokaci har ya jawo amai da gyambon ciki. Saɓewar tana yaudarar mutane su ɗauka ya tafi. Fiye da ɗaya cikin goma na karnukan da suka yi shi suna yin fiye da guda, kuma jinsin Boxer da Pug sun yi suna a kan haka. Abin lura shi ne sabon da ya fito nesa da tabon tiyata sau da yawa sabon ƙari ne mai zaman kansa, ba ɗan na farko ba, don haka ana cire shi a auna muninsa shi kaɗai, kuma kare na iya rayuwa shekaru ana cire su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fito a kan tabon ko dab da shi, ko a kaluluwar yankin, shi ne mai nauyin labari. Masu binciken nama suna auna munin da tsarin Patnaik na 1984 mai mataki uku, ko na Kiupel na 2011 mai mataki biyu, kuma abin da takardar gwajin farko ta ce yana taimakawa wajen fassara na biyu.

Kansar da likitan dabbobi a Kano, Zariya ko Maraɗi zai fi cin karo da ita a karnukan gida da na farauta ita ce ta barbara, wadda ake kira TVT. Abin mamaki ce a ilimin halitta, domin ƙwayar kansar da kanta ce ke tsallakawa daga kare zuwa kare lokacin barbara. Wani likitan dabbobi ɗan Rasha, Novinsky, ya nuna ana iya dasa ta daga kare zuwa wani tun 1876. Binciken da masanan Jami'ar Kambirij suka wallafa a 2019 ya nuna duk ƙarin TVT na duniya daga kare ɗaya ya samo asali, wanda ya rayu a Asiya shekaru 4,000 zuwa 8,500 da suka wuce. Tana fitowa a al'aura, ja, mai gutsure-gutsure kamar farin kabeji, tana ɗigar jini. Ba ta kama mutum. Allurar binkiristin sau ɗaya a mako, yawanci sau 4 zuwa 6, tana warkar da fiye da kashi 90 cikin ɗari, warkewa ta gaskiya.

A wannan cutar, sabon ƙari a hanci, baki ko fata yakan zo ne ta lasa da sansana, kare ya dasa wa kansa, ko ya sake ɗauka daga karyar da ke yawo a unguwa idan an ci gaba da sakin sa da dare. Bazuwa zuwa cikin jiki ba ta da yawa, an fi ganin ta a 'yan kwikwiyo da karnukan da yunwa ko wata cuta ta karya. Wani dalilin dawowa shi ne yanke allurai: jini ya tsaya a mako na biyu, mai kare ya ga an samu sauƙi ya daina zuwa, ragowar ƙarin ya sake tohowa.

A kansar nono ta karya, wadda kusan rabin ƙarinta mugu ne, sabon ƙulli a wani nonon abu ne da ake yawan gani, kuma kowanne ana gwada shi dabam. A kansar ƙashi kuwa, huhu ne inda ta fi zuwa, wurin da hannu bai kaiwa, shi ya sa ake ɗaukar hoton ƙirji lokaci-lokaci ko da fata sumul take.

## Abin da allura ke gani

Gwajin farko ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta da fargabar da ke gabansa. Likita ya kama ƙullutun tsakanin babban yatsa da manuni, ya soka siririyar allura irin ta rigakafi, ya juya ta ciki sau uku ko huɗu, ya zare. Sai ya haɗa ta da sirinji mai iska ya fesa ɗan abin da ta ɗebo a kan gilashi, ya shafe da wani gilashin, ya bar shi ya bushe, ya tsoma a rini, ya sa a madubin hangen ƙwayoyin halitta. Yawancin karnuka ba sa buƙatar maganin barci. Idan kitse ne, gilashin kan yi ƙyalli kamar an ɗiga man gyaɗa, ya ƙi bushewa. Idan ƙwayoyin mast ne, sukan fito cike da ɗigo-ɗigo masu launin shuni. Limfoma da TVT su ma suna saurin bayyana ta wannan hanya. Idan samfurin ya yi kyau, sakamakonsa na dacewa da na babban gwajin nama kusan sau tara cikin goma.

Yana da iyaka. Wasu ƙarin, musamman masu tauri da ke fitowa daga naman da ke haɗa gaɓoɓi, ba sa sakin ƙwayoyinsu, sai a samu jini kawai. Sakamakon da ya ce ba a ga komai ba a irin wannan hali bai wanke ƙullutun ba. Sai an yanko ɗan yanki, ko an cire shi duka, an sa a ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa an aika ɗakin binciken nama, inda amsa kan ɗauki kwanaki ko makonni. Allura kuma ba ta faɗin matakin muni yadda gwajin nama ke yi.

Mutane da yawa suna tsoron cewa taɓa kansa da ƙarfe na sa ta fusata ta bazu. A ƙullutun fata da kaluluwa, wannan haɗarin kaɗan ne matuƙa. Inda likitoci ke taka tsantsan shi ne ƙarin mafitsara, wanda aka san yana iya bin sawun allura, da ƙarin da ke cike da jini a saifa, da karen da kemo ya rage masa ƙwayoyin daskarar da jini.

## Inda ra'ayi ya rabu

Wata likitar kansar dabbobi a Amurka, Sue Ettinger, ta yaɗa wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk ƙullutun da ya kai santimita ɗaya, kamar ƙwayar wake babba, kuma ya yi wata guda bai tafi ba, a soka masa allura. Hujjar masu wannan ra'ayi ta tiyata ce. Mugun ƙari ana yanke shi ne tare da lafiyayyen nama santimita biyu zuwa uku a kewaye. Mai girman wake a ƙafa ana iya cire shi a ɗinke. Mai girman lemun tsami a wuri guda yana iya cin ƙafar. Ga karen da aka riga aka san yana da kansa, da yawansu ba sa ma jiran watan, sai su duba a zuwa na gaba.

Ɗaya ɓangaren ba cewa suke a yi sakaci ba. Tambayarsu ita ce: amsar za ta canza abin da za a yi? Tsohon kare mai ƙulle-ƙullen kitse goma sha biyu, wanda kansar ƙashi ta riga ta kai huhunsa, ana ba shi maganin rage zafi kawai, soka masa allura a na sha uku ba zai ƙara masa kwana ko sauƙi ba, sai dai wahalar mota da kuɗin gwaji. A irin wannan suna ganin a auna, a rubuta, a sa ido.

Idan aka duba da kyau, saɓanin bai kai yadda ake zato ba, domin kowanne yana magana ne a kan kare dabam. Inda ake neman warkewa ko doguwar lafawa, kamar TVT, ƙarin mast da aka cire, ko limfomar da ta lafa, hujjar gwaji da wuri ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, tunda sakamakon na iya sauya magani a makon. Inda aka riga aka koma lallaɓawa, jira yana da hujja, muddin ƙullutun ba ya ciwo, ba ya fashewa, ba ya hana ci ko tafiya.

## Kuskuren da ke ɓata gwaji

Firednisolon da ɗan'uwansa deksametason suna da arha kuma ana samun su a kemis ba tare da takarda ba. Suna saɓar da kaluluwar limfoma da ƙarin mast cikin kwana biyu ko uku, sai mai kare ya ga kamar ya dace. Illar biyu ce. Maganin yana kashe ƙwayoyin da likita ke nema a gilashi, gwaji ya fito a dagule. Sannan an lura cewa karnukan da suka daɗe a kansa kafin a fara cikakken kemo ba sa jin maganin sosai daga baya. Don haka ƙara yawan ƙwayar, ko dawo da ita bayan likita ya tsayar, kafin a ɗebi samfuri, yana iya rufe ƙofar da ke buɗe.

Haɗa firednisolon da maganin ciwon jiki na mutane ya fi muni. Ibufurofen da diklofenak suna huda cikin kare su lalata ƙoda, balle an gama su da firednisolon. Matse ƙullutu, ɗaure shi da zare, sakiya, ko shafa masa toka da baƙin mai, duk suna mai da abin da za a iya cirewa da tsabta ya zama buɗaɗɗen miki a jikin da garkuwarsa ta yi ƙasa. Idan kuma ƙarin mast ne, matsa shi na iya sakin histamin da yawa a lokaci guda har kare ya galabaita.

## Abin da ya rage a hannun mai kare

Aikin da ya fi amfani ba ya cin ko kwabo. A zana siffar kare a takarda, a sa alama a duk inda ƙullutu yake, da ranar da aka gan shi. A auna da rula ko tef ɗin tela, a ɗauki hoto da waya tare da ajiye rular a gefe, a maimaita sau ɗaya a mako. Lalube kullum ba ya nuna girma, sai ƙara damuwa, kuma yana fusata wasu ƙarin. Likita zai tambayi yaushe ya fito, ko yana girma, ko yana motsi ko ya manne, ranar allurar ƙarshe da sunan maganin, da duk abin da aka ba karen a gida. Amsar gaskiya a tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci ko da akwai jin nauyi.

Akwai alamun da ba a jira ranar asibiti da su. Fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta, sun fi yin ƙasa wajen kwana bakwai bayan yawancin alluran kemo. Zafin jikin kare na yau da kullum yana tsakanin digiri 38 da 39.2 a ma'aunin Selsiyas. Idan ya haura 39.4 a wannan tsakanin, ga kasala da ƙin abinci, ga kumburi mai zafi, cuta na iya shiga jini cikin sa'o'i. Haka ma dasashi ya yi fari fat, ciki ya kumbura farat ɗaya, numfashi ya yi wuya saboda kumburin wuya, baƙin kashi kamar kwalta, ko ƙullutun da ya ninka cikin kwana biyu ko uku.

Idan sakamako ya sa an sauya magani ko an tsawaita shi, nauyin yana sauka a kan gida. Magungunan kemo na karnuka yawancinsu na mutane ne, daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin canjin dala. Ba kowane asibitin dabbobi ke da madubin gwaji da mai karanta shi ba. Asibitocin koyarwa na tsangayoyin likitan dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri, da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, su ne wuraren da ke da sassan binciken cututtuka. Sau da yawa ba sai an ɗauki karen an yi tafiyar ba: busasshen gilashi ko nama a fomalin yana iya tafiya shi kaɗai. Sannan kowace sabuwar allura na nufin kwana biyu zuwa uku da fitsari, kashi da aman karen ke ɗauke da ragowar magani. A kwashe da safar hannu, a nisanta yara da mai juna biyu daga wurin, kar a bari kaji da awaki su yi kiwo a inda yake bahaya.

Wani lokaci amsar gilashin ita ce ciwon ya dawo kuma ya daina jin magani. A nan zaɓin da likita zai shimfiɗa yawanci uku ne: a gwada wani maganin da sanin cewa ribarsa watanni ne kaɗan, a koma rage raɗaɗi kawai, ko a yi masa allurar da za ta kawo ƙarshen wahalar idan ta yi yawa, abin da wasu kan fara tuntuɓar malaminsu a kai. A limfoma, firednisolon shi kaɗai, bayan an tabbatar da cutar kuma an yanke shawarar barin kemo, yakan ba da wata ɗaya zuwa biyu na jin daɗin jiki da cin abinci. Likitar dabbobi Alice Villalobos ta tsara ma'aunin da ake amfani da shi a wannan mataki, mai duba abu bakwai: zafin ciwo, ci, sha, tsabtar jiki, walwala, iya tashi da tafiya, da ko ranakun sauƙi sun fi na wahala yawa. Na ƙarshen ana bin sa da kalanda a bango, kowace yamma a sa alama ɗaya, a kai wa likita takardar a zuwa na gaba.